Yadda Na Auna Gaisuwar Kawu

Na taɓa tsayawa a gaban wan mahaifiyata da agogon waya a hannu ina auna tsawon gaisuwarsa. Ba wanda ya sa ni. Ni na ga dama, da rana tsaka, a gaban jama'a, kuma a lokacin gani nake aiki nake yi mai kyau.

Kawu nake ce masa. Shi ne magatakardan wata ƙungiyar manoman rani mai ofishi a Wurno, ko da yake mutanenta sun kai har Rabah da Goronyo. Ofishin ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Duk shekara idan damina ta ɗauke, akan rubuta sunan kowa kafin a raba irin albasa, don kada wani ya karɓa sau biyu wani ya koma gida hannu rabbana. Tun ina goye Kawu ke wannan rubutun a wani ƙaton littafi mai baƙin bango, kuma ban taɓa jin an ce ya ba mutum ɗaya iri sau biyu ba.

Ni kuwa na gama karatun kwamfuta a Sakkwato na dawo gida na zauna. Shekara biyu cur ina zaune. Aikina share wa mutane hotuna idan wayarsu ta cika, da amsa tambayar “har yanzu shiru?” a bakin masallaci. Ana nan sai shugabannin ƙungiya suka ce su ma a kwamfuta suke son a riƙa rubuta sunaye, kamar ko'ina. Har an fara maganar ɗauko wani daga birni, sai Kawu ya miƙe a taron ya ce, “Ku bari. Ɗan ƙanwata ya iya wanga abu, ni na tsaya mai.” Haka aka ba ni aikin, aka ce idan ya yi kyau ni zan ci gaba da kula da shi. Ran nan har mahaifiyata, Inna, sai da ta ƙara min nama a miya.

Wata guda na yi ina rubuta manhajar da kwamfutar za ta yi rijistar da ita. Aikinta ba shi da yawa: a sa sunan mutum, sunan mahaifinsa, ƙauyensu, a ɗauki hotonsa, a danna maɓalli. Ita kuma ta duba ko an taɓa rubuta shi, in ba a taɓa ba ta adana. Na gwada ta da sunayen ƙarya masu yawa, tana adanawa kafin ka ƙifta ido. Na koya wa Kawu. Ya sa tabarau, yana danna haruffa da yatsa biyu a hankali kamar yana tsoron za su ji ciwo, amma cikin mako guda ya iya. Kwana uku na farkon rijista komai ya tafi lafiya lau, har na fara tafiya wata iri a cikin gari.

A kwana na biyar layi ya fita daga rumfa. A mako na biyu ya kai gindin darbejiyar da ke bakin hanya. Mutanen Magarya da Dinawa su zo tun hantsi, na Giyawa su zo kan babura da jakuna, azahar ta yi musu a layi, la'asar ta yi musu a layi, wasu a ce su dawo gobe. Kuma lokacin girbi ne, kowa ya baro gero a gona. Wani mutumin Rabah ya ce da littafi ne da tuni ya koma har ya ci tuwo. A gabana ya faɗa, ni kuma na yi kamar ina duba waya.

Shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce, “Injiniya, mi ka hwaruwa?”

Na ce sabis ne. Ya gyaɗa kai, don kowa ya san halin sabis ɗin garinmu. Sai da na isa gida na tuna manhajar ba ta amfani da sabis ko kaɗan, ni da kaina na rubuta ta don ta yi aiki babu shi. Ban koma na gyara maganar ba. Kashegari na ce zafi ne, aka ɗora kwamfutar kan bulo biyu don iska ta shiga ƙarƙashinta. Layi bai san an yi ba. Na ce kwamfutar ce ta tsufa, aka aro wata daga makarantar da ke kusa. Ita ma layi bai san an yi ba.

Abu ɗaya ne ban zarga ba, wato rubutuna. Ai na gwada shi. Wa zai gaya min?

Sai na tuna wani malaminmu da ba ya shiga aji bai ce mana ba: kada ka yi zato, ka auna. Na ce madalla. Na ɗauki waya na je na tsaya a gaban teburin Kawu, gefen da manoma ke tsayawa, na zuba ido. Mutum zai zo, Kawu ya rubuta shi, ya ɗauki hoto, ya danna maɓalli. Daga nan sai ya ɗan karkata fuskar kwamfutar zuwa ƙirjinsa, ya jingina da kujera, ya buɗe gaisuwa.

“Sannu da zuwa. Ƙaƙa hanya? Ƙaƙa mutanen Giyawa? Ƙahwar tsohuwa ta sauka? Gero ya yi? Jakin nan naka da yab ɓace, an gane shi?”

Mutumin ya amsa, shi ma ya mayar da tasa. Kawu ya tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wanda ya tafi ci-rani, ya yi ta'aziyyar wanda ya rasu bara. Sai can ya leƙa kwamfuta ya ce, “Tau, an rubuta ka. Allah shi ba da damshi.” Haba! Raina ya ɓaci. Ga mutane sun baro gonakinsu, ga sunana yana lalacewa a gari, shi kuma yana neman labarin jaki.

Na fara danna agogo. Rubutu bai kai minti ɗaya ba. Gaisuwa minti uku, wani lokaci huɗu. Na yi wa mutum goma sha biyu haka ina rubutawa a takarda. Kawu ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

“Mi kaka yi da waya, ɗan nan?”

“Awo nika yi, Kawu.”

“Tau. Auna da kyau.”

Na koma gida na zana abin da na samu, na sa wa rubutu kore, na sa wa gaisuwa ja. Jan ya kusa cinye takardar. A ƙasa na rubuta cewa jinkirin daga wajen mai rubutu yake, ba daga na'ura ba. Wallahi abin da na nufa a ce masa ya rage gaisuwa, shi ke nan. Amma ban rubuta haka ba, kuma ban je na same shi ni da shi ba, wanda shi ne abin da ɗan kirki zai yi. Shugaba na kai wa, shi kuwa mutum ne mai girmama takarda, balle mai launi.

Da safe, layi ya riga ya taru, Shugaba ya zo ya tsaya a bakin rumfa da takardata a hannu. Bai ja Kawu gefe ba. A nan ya ce, “Malam, ka yi ƙoƙari, Allah shi saka. Amma ga awo an yi, an ga inda matsala take. Zamani ya zo da nashi. Ka huta, injiniya shi zauna.”

Kawu ya cire tabarau ya naɗe ya sa a aljihu. Ya miƙe, ya kaɗe kujerar da hannun rigarsa, ya ja ta baya kaɗan don in ji daɗin shiga. Ya ce, “Allah shi ba da sa'a.” Ya bi ta gefen layi ya fita, mutanen da ya rubuta shekara da shekaru suna sunkuyar da kai. Na ce wa kaina aiki aiki ne.

Na zauna. Na farko wani dattijo ne daga Dinawa. Ban gaishe shi ba, na ce suna kawai. Na rubuta da yatsa goma don kowa ya gani, na ɗauki hoto, na danna maɓalli.

Wata 'yar da'ira ta fito a fuskar kwamfutar ta fara juyawa.

Na dube ta. Tana juyawa. Na dubi dattijon, shi ma ni yake kallo. Na mayar da ido kan da'irar, tana nan tana abinta. Wani a layi ya yi tari. Jaki ya yi kuka a bakin hanya har ya gama. Dattijon ya sauya ƙafa, ya leƙo don ya ga abin da nake kallo, sai na ga hannuna ya karkata fuskar kwamfutar zuwa ƙirjina. Can na ji wata murya ta ce, “Baba, ƙaƙa gida?” Muryata ce.

Kafin azahar na san lafiyar gidaje da yawa a Dinawa da Magarya. Na san wanda akuyarsa ta haifi uku. Layi kuwa yana nan inda yake jiya, sai ma abin da ya ƙaru.

Da aka tashi salla na kulle kaina a ɗakin ofis, na yi abin da ya kamata in yi tun mako biyu da suka wuce. Akwai wata manhaja da muke ce wa furofaila. Aikinta awo ne. Kana haɗa ta da taka manhajar, sai ta bi ta a baya tana rubuta kowane ɗan aiki da ta yi, da sau nawa ta yi shi, da lokacin da ya ci. Ba ta san kawun kowa ba, ba ta san wanda ya yi karatu a Sakkwato ba. Tana cikin kwamfutata tun ina makaranta, na ci jarrabawa a kanta ma, amma ban taɓa ɗora ta a kan rubutuna ba, don ban ga dalili ba.

Na haɗa ta, na sa sunan dattijon Dinawa kamar sabon zuwa, na danna. Da da'irar ta gaji ta tsaya, furofaila ta fito min da zane: sanduna a kwance, kowace sanda aiki ɗaya, tsawonta lokacin da ya ci. Karɓar suna ɗan tsiriri. Adanawa ɗan tsiriri, sai ka matso za ka gan shi. Sai wata sanda guda da ta taso daga wannan gefe ta dangane da wancan. Na karanta sunanta. Sashen da ke duba ko an taɓa rubuta mutum ne, wanda na fi alfahari da shi a duk manhajar.

Ga dabarar da na yi, ni mai wayo. Na ce idan sabon mutum ya zo, manhaja ta nemo duk wanda sunansa na farko ya zo ɗaya da nasa, ta buɗe hoton kowannensu, ta gwada fuska da fuska. Gwada fuska aiki ne mai nauyi, amma na ce ai ba kullum za a yi ba, sai an yi dace. Sunayen ƙaryar da na yi gwaji da su kuwa, da gangan na sa kowanne daban, don ya yi kyan gani. Ban san wace ƙasa na tsammaci zan yi wa aiki ba. A wajenmu yaro sunan kakansa yake ci, kakan ma na nasa kakan ya ci, kuma kakannin duk daga 'yan sunaye kaɗan aka zaɓar musu. Ka tsaya a kasuwar Goronyo ka kira suna ɗaya ka ga yawan waɗanda za su waigo. Ni kaina sunana mu huɗu ne a gidanmu, da laƙabi ake raba mu. Wannan ba sai an je makaranta ba, amma ni sai da na je makaranta na manta.

Furofaila ta nuna min cewa saboda dattijon nan kaɗai an buɗe hotuna sun fi ɗari, ɗaya bayan ɗaya. Kuma kullum aka ƙara rubuta mutane, masu suna ɗaya ƙaruwa suke. Shi ya sa kwana ukun farko abin ya yi sauri. Shi ya sa gaisuwar Kawu ta riƙa tsawo kullum, daga ƙaƙa gida har ta kai ga jaki.

Gyaran bai ɗauke ni rabin awa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce ta fara duba ƙauye, sannan sunan mahaifi, sannan sunan mutum, sai duk sun zo ɗaya ta taɓa hoto. Layi shida kacal na sauya a rubutun manhajar. Na sake awo, sandar nan ta koma guntuwa kamar sauran. Da na buɗe ƙofa na ci gaba da rijista, kafin la'asar sakaliya layi ya dawo cikin rumfa. Mutane suka fara cewa ai ga shi nan, da ma tsohon ne. Wani har ya dafa kafaɗata. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba.

A gida na tarar da Inna. Ta ajiye min tuwo ta juya. Na ce, “Inna, sannu da aiki.” Ta ce, “Sannu, injiniya.” Ba ta taɓa kirana haka ba, kuma ban so yadda ya fito ba.

Kashegari da sassafe na ɗauki kwamfuta na sami Shugaba a ƙofar gidansa. Na nuna masa doguwar sanda, na nuna masa guntuwa. Ya daɗe yana kallo, don wannan ma zane ne mai launi.

Ya ce, “Ban gane ba. Wanga dogon abu, Malam na?”

Na ce, “A'a, ranka shi daɗe. Ni na.”

Na yi masa bayani tun daga farko, har da maganar sabis. Ya yi salati, ya cire hula ya mayar. Ya ce, “Ashe mun zalunci bawan Allah. Tahi ka ba shi haƙuri, ka ce kujeratai na nan. Ni ma ina zuwa.”

A fadama na sami Kawu, yana jan fangali da fartanya inda zai zuba irin albasarsa. Na tuɓe takalma na durƙusa a bakin kunya na gaishe shi. Ya amsa a gajarce bai daina aiki ba. Na ce na zo ba da haƙuri. Na fara yi masa bayanin furofaila da sanduna da hotuna, har na buɗe kwamfutar a kan gwiwata, a cikin gona, don in nuna masa. Bai ko duba ba.

Ya ce, “Abin nan mai juyawa? Na sani tun kwana na huɗu.”

“Ka sani, Kawu?”

“Ni ka zama gaban kwamfutar, ba kai ba.”

“To mi yah hana ka hwaɗi?”

Ya dogara fartanya ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa ƙasa.

“In na hwaɗi, wa za a tada? Ni ina da gona. Kai mi ag gare ka? Na ce in riƙe su da gaisuwa har ka gano da kanka. Da na ga ka zo da awo, na ce alhamdu lillahi, ya taho. Ashe ni kaz zo aunawa.”

Idona ya cika, ni da nake ganin na girma da kuka. Na ce masa na gyara, yanzu ba ta ɓata lokaci, kuma Shugaba ya ce ya dawo kujerarsa.

Nan ne fuskarsa ta sauya. “Shugaba? Kai ka gaya mai?”

Na ce na gaya masa komai.

“Wa yas sa ka? Kai wane irin yaro na!” Ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba sai ran nan. Ya tofar da yawu gefe, sannan ya sassauta. “Tau, shi ya ji, shi bar shi nan. Amma ba ni komawa. Jiya mutane sun ga an tada ni don ban iya ba, sun tahi da wannan, ya ishe su. In sunka gan ni bisa kujerar nan gobe, sai su tambaya to wa ab bai iya ba. Aikinka na hwarko na. Tashi ka koma, mutane na jira.”

Na roƙe shi. Shugaba ma ya zo da kansa ya roƙe shi, Inna ta je ta roƙe shi. Bai koma ba. Da ranar rijistarsa ta zo, layi ya bi kamar kowa, ya tsaya a gabana ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, na ɗauki hotonsa.

Ni nake kula da manhajar har yau, kuma ta dalilinta na sami wasu ayyukan a Rabah da Goronyo. Yanzu ba na sakin rubutu sai na ɗora masa furofaila, da sunayen mutanenmu na gaske, masu maimaita kansu. A Wurno kuwa labarin da ya zauna shi ne tsohon magatakarda ya kasa da kwamfuta, ɗan ƙanwarsa ya zo ya gyara. Kawu na jin ana faɗa a gabansa, bai taɓa musawa ba. Ni ina musawa. Na faɗa a rumfar ofis, na faɗa a bakin masallaci, na faɗa a wajen suna, cewa laifin nawa ne, shi rufa min asiri ya yi. Duk wanda na gaya wa sai ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yi min albarka, samarin yanzu ba kowa ke rufa wa tsoho asiri haka ba.